Ɗaya Cikin Biyar a Mashigar Bokultola

Birnin Daka, bayan ƙaramar sallah

Apa Parul, yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da 'yarki Tuni. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya. Habul mai sayar da shayi a jirgin ruwa na ba takardar nan ya kawo miki, don wayar mijinki duk gida ake jin abin da mutum ya faɗa.

Na sauka lafiya. Kawu Jobbar ya ba ni wurin kwana, kuma Apa, na samu aiki! Wajen wasu masu tsara hanyoyin gari ne. Shugabarmu, Madam Farzana, ta ce hayaƙin motoci ne ke ɗumama duniya, shi ya sa ruwa ke tasowa. Na ce mata ashe motocin Daka ne suka cinye gonar babanmu a Bhola? Ta ce kusan haka. Ni dai ban gane yadda hayaƙi ke komawa ruwa ba, amma na gyaɗa kai.

Bas masu aiki da lantarki za su kawo, suna so su san inda mutane suka fi bi. Aka ba ni wani ɗan ƙarfe, duk wanda ya wuce in danna, lamba ta ƙaru. Kin san inda aka ajiye ni? Mashigar Bokultola, inda Kawu ya shekara talatin yana tuƙa kwale-kwale!

Ranar farko kafin azahar na danna sama da dubu biyu, yatsana har ya kumbura. Matuƙa sai tsiya suke mini: "Ga Injiniya! Injiniya, ka danna wa akuyar nan kuwa?" Kawu bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Kai, ɗan ƙanwata, tun da nake ban taɓa ganin gwamnati ta ƙirga talaka don ta ba shi wani abu ba. Suka ga yawan nan, gobe za a ninka mana kuɗin mashiga. Goge wannan. Mutum biyar, danna ɗaya." Na ce Madam fa? Ya ce, "Madam ce ta yi maka kiran sallah a kunne ran da aka haife ka?"

To haka nake yi, Apa. Amma hankalina bai kwanta ba. Me kika gani?

Ƙaninki,
Liton

Bhola, ranar Talata

Liton,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, Tuni ta fara tafiya. Wato yanzu kai ne Injiniya? Yaron da ko agwagin Inna bai iya ƙirgawa ba!

Ka bi maganar Kawu. Ya san garin nan tun ba a haife ka ba, kuma shinkafarsa kake ci. Mutanen ofis sun tara takardu rututu, wa zai tsaya duba taka? Ka riƙe sallah, kar ka sha ruwan kogin nan. Ga mazarƙwailar dabino nan na ba Habul, rabi na Kawu ne, kar ka cinye.

Allah ya tsare.
Yayarka,
Parul

Daka, ƙarshen damina

Apa,

Ina gaisuwa. Wata biyar ban rubuto ba, kunya ce ta hana ni.

An rufe Bokultola. Kwana sha huɗu na yi ina dannawa yadda Kawu ya ce, kullum in kai wa Madam dubu ɗaya da ɗan wani abu. Bayan wata biyu aka manna wata babbar taswira a bangon ofis. Inda mutane suke da yawa an ja layi mai kauri, inda babu an ja siriri. Namu kamar zare. Duk mashigar da ta samu mai kauri, an yi mata matakalar siminti da rumfa, bas na zuwa har bakin ruwa. Tamu kuwa aka ce fili ne da ba kowa, aka zagaye da katanga, nan bas za su riƙa shan wuta.

Madam da kanta ta tsaya kusa da ni tana kallon taswirar. Ta ce, "Liton, na so a ce mashigar nan ta kai ko dubu uku. Kwale-kwale ba ya hayaƙi ko kaɗan, irinsa muke nema ruwa a jallo." Apa, dubu biyar ke tsallakawa kullum. Saura kaɗan in faɗa mata gaskiya. Na tuna Kawu, na tuna aikin, na ce, "Haka ne, Madam." Abin da na faɗa ke nan.

Kwale-kwale ashirin da shida ne a wurin. Sauran mashigai sun ce sun cika, ba sa karɓar baƙo. 'Yan matan da ke tsallakawa zuwa masaƙa cikin minti biyar, yanzu sai sun zagaya ta gada a babur mai ƙafa uku, awa guda cikin hayaƙi. Kin ga abin da aka zo ragewa, ni na ƙara shi da yatsana.

Ba mai ce mini Injiniya yanzu. Tsoho Mokbul, wanda ya fi kowa tsokanata, ya gan ni a kasuwa ya tofar da yawun ganyen taunawarsa gefe, ya wuce. Na koma gida wurin Kawu. Sai ya zuba mini shinkafa, ya ɗora mini kan kifi, shi ya ci da gishiri. Na kasa ci, na kwashe kayana na koma ɗakin wani abokin aiki. Ban ma yi masa sallama ba.

Ki yi mini addu'a.
Liton

Bhola, ranar Asabar

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Na karanta takardarka sau uku. Ni ma da hannuna a ciki, ni na ce ba mai dubawa. Ka yafe mini.

Kawu yana nan wurinmu tun jiya. Ya sayar da kwale-kwalen, wani mai gidan abinci ya saya wai zai shuka furanni a ciki. Da filafilinsa kawai ya zo. Mijina ya ce, "Kawu, ka sayar da doki ka riƙe bulala?" Ba wanda ya yi dariya.

Ya ce in rubuta maka haka, kuma kar in gyara: "Ki gaya wa sakaran nan ni na ce biyar ɗaya, ba shi ba. Wa ya ce ya bar gida? Kuma ya je ya faɗa wa matar nan gaskiya, ya ce Jobbar ne ya sa shi. Akwai mutum ashirin da biyar da ba su da 'yar ƙanwa a Bhola."

Ka je, Liton. Ko za a kore ka, ka je.

Yayarka,
Parul

Daka, ranar Laraba

Apa,

Gaisuwa gare ki da Kawu. Na je. Ban ambaci sunansa ba, na ce ni ne.

Madam ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido. Ta ce da na faɗa ranar taswira, da fensir kawai za ta ɗauka ta gyara layin. Yanzu an zuba siminti. Ta ce za ta rubuta a buɗe wata 'yar ƙofa a katangar, amma kar in sa rai.

Ba ta kore ni ba. Ta mayar mini da ƙarfen, ta tura ni bakin gada in ƙirga masu zagayowa. Duk na san fuskokinsu, Apa, mutanen Kawu ne. Sun ɗaure hanci da gyale.

Ki gaya wa Kawu kowa ina danna masa nasa. Jiya dubu huɗu da ɗari tara da sha biyu.

Ƙaninki,
Liton