Sun Ce Ke Kika Cinye Ni

Zuwa ga Duduna, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, farin watan da ke kwanciya bisa ruwan Yauri,

Ina miki sallama. In kin ga layukan nan sun karkace, laifin hannuna ne, zuciyar tana nan daram inda kika bar ta.

Dudu, na gaji! Tun ranar da kika kwashe kayanki kika koma Wara gidan yayanki Sule, gidan nan ya zame mini kango. Ina dalilin da mace za ta yi jinyar miji shekara da shekaru, sakayyarta ta zama a kira ta mayya?

Kin tuna ranar kasuwar da muka shiga jirgi a bakin ruwan Yelwa, zamanin da ake ce mini Giwan Ruwa saboda ƙiba? Ina sa ƙafa jirgi ya kwanta, mutane suka ruga ɗaya gefen suna salati, mai jirgi yana cewa a tausaya wa marayunsa. Ke kaɗai kika taso kika zauna kusa da ni, kika ce in za a nutse a nutse tare. Kai, wace mace ce irinki!

Da likitoci suka yi mini aikin rage tumbi, ke kika riƙe bayaninsu, ni murna ta hana ni ji. Suga ya sauka, gwiwoyi suka sake ni, na kai goshina ƙasa a masallaci ba kujera. Amma sun faɗa mana abin yana da wutsiya mai tsawo, ga shi kuwa ta iso. Jini ya yi ƙaranci, tafin ƙafata kamar tururuwa na yawo ciki, haƙora suna sallama ɗaya bayan ɗaya, ƙashi ya zama karan dawa. Ke ce kike tare mini wannan ambaliya: loma kaɗan ta kifi mai laushi, anjima wata, ruwa sai abinci ya kwanta, ƙwayar ƙarin jini, allura in lokacinta ya zo.

Dangina kuwa ƙaramin kwano kawai suka gani. A wurinsu namijin da ya rame, ko matarsa na masa horon yunwa, ko ta kama masa kurwa. Na yi bayani har muryata ta dushe, suka ce ai wanda aka kama ba ya sani.

Yanzu ƙanwata Aminatu ce ke riƙe da tukunya, kuma wallahi da ƙauna take kashe ni. Malmala uku na tuwon shinkafa, man shanu na iyo, ga kunu da zuma, ta tsaya a kaina wai sai Yaya ya maido jikinsa. In na ture, ta yi kuka, wai na raina hannunta. In na ci, zufa ta karyo, zuciya ta hau dukan ganga, jiri ya kayar da ni. Ƙwayoyin ma ta zubar, wai da su kike ɗaure ni. Ranar Juma'a a sahu na faɗi, aka ɗauko ni kamar damin albasa.

Ya ke raɓar safiyata, kada ki ce cikina ne ke kiranki. Da yunwa ce kaɗai, da na jure. Wa zai yi mini dariya in wandona ya zame? Wa zai ce mini tsohon banza in na ɓoye magani a ƙarƙashin tabarma?

Na tara dangina gaban mai unguwa, na ce duk wanda ya sake jifarki da kalmar mayya ya yanke zumunci da ni. Aminatu ba ta ba da haƙuri ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Saboda haka ba na cewa ki dawo inda aka ci mutuncinki. In kin iya, ƙofa a buɗe take. In ba ki iya ba, ki roƙa mini Sule ya ba ni gefen zaurensa. Zan bar musu gidan da tukwanensa, in zo in ƙarasa kwanakina inda zan riƙa jin tarinki ta bayan danga.

Naki, da abin da ya rage na jiki da dukan abin da ke cikin rai, har ranar da za a kwantar da ni dama,

Ɗangana