Ta'aziyyar Alhaji Ratib Shalabi, Mai Riƙe da Mabuɗin Asabar

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manoma da 'Yan Kasuwar Dabino da Zaitun ta Galili, wadda ta haɗa Larabawa da Yahudawa, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, kuma Shugabanta na ɓangaren Larabawa, dattijo mai daraja, Alhaji Ratib Miflih Shalabi, wanda aka fi sani da Abu Wasim. Allah Ya karɓi ransa da hantsin Asabar da ta gabata a harabar ɗakin sanyi na Ƙungiya, aka kuma yi masa sutura bayan sallar La'asar a maƙabartar ƙauyensu, Kafr Zanbak. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Marigayin ya fara sana'arsa ne da tsohuwar motar ɗaukar kaya, yana sayen dabino a hannun manoma Yahudawa na kwari yana kaiwa kasuwar Nazarat, ya dawo musu da man zaitun na ƙauyukan tudu, a lokacin da da yawa daga cikinmu suke ganin ko gaisawa da juna kasada ce. Shi ne, tare da takwaransa, Shugaban ɓangaren Yahudawa, mai girma Mista Menashe Dahan na ƙauyen Tel Arnon, wanda muke kira Abu Gilad, suka kira taron farko na wannan Ƙungiya a cikin wani sito da ke gefen titi, saboda babu ɓangaren da ya yarda ya je ƙauyen ɗaya. Ta hannunsa ne kayan mambobinmu suka fara tsallaka gada zuwa Jodan, kuma ta hannunsa ne matan da ke matsar zaitun a ƙauyuka suka samu masu saye ba tare da dillali ya tsaya a tsakani ba.

Sai dai abin da mambobi za su fi tunawa da shi shi ne rabon kwanaki. Manoman Tel Arnon mutane ne masu riƙo da addininsu. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari bayan faɗuwar ranar Asabar ba sa aiki, ba sa hawa mota, ba sa taɓa waya. Dabino kuwa, in injin sanyi ya tsaya a tsakiyar kaka, ba ya jiran kowa. Don haka tun ranar da aka gina ɗakin sanyi shugabannin biyu suka raba: Asabar, da wahalarta da ribarta, ta Alhaji ce, Juma'a da ranakun Sallah na Mista Dahan ne. Duk wanda ya taɓa zama a harabar da yammacin Juma'a ya ji su suna musayar mabuɗi suna tsokanar juna. Alhaji yakan ce, "Abu Gilad, maza tafi gida kafin rana ta faɗi matarka ta ɗora mini laifi. Kai an ba ka hutu, ni an ba ni dabino." Shi kuma ya amsa, "Alhaji, a bar mini ko kwali ɗaya, na san haƙoranka." A bakin wannan aiki ajali ya same shi, mabuɗin yana aljihunsa.

Ba zan ɓoye ba, a shekarun yaƙin nan, da kowane ɓangare yake binne nasa, ni mai wannan rubutu na sha tambayar kaina bayan sallah ko zaman da muke yi a teburi ɗaya muna maganar farashi adalci ne ko kuwa son abin duniya ne muka yi wa ado. Na taɓa kai masa wannan tambaya. Bai ba ni amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Cewa ya yi shi ma bai sani ba, amma ya san gidajen da suke ci daga wannan ɗakin sanyi, kuma ba zai zama mai kashe injin ba.

Ba al'ada ba ce a sanya bayani a cikin saƙon ta'aziyya, amma Ƙungiya ta ga ya zama dole. An yi jana'izar Alhaji ba tare da Mista Dahan ko wani daga Tel Arnon ba. Jama'a sun gani, kuma sun yi magana. An ce ga mutumin da ya ƙarar da Asabar ɗinsa yana gadin dukiyarsu, ya mutu a ƙofar sitonsu, ko ɗaya bai zo ya ɗauki makara ba. Wasu mambobi sun sanar da ficewarsu tun a maƙabarta, kuma babban ɗan marigayin, Malam Wasim Shalabi, cikin zafin rashi, ya ce zai mayar da mabuɗin, kowa ya yi gadin kayansa. Duk wanda ya san Ƙungiyar nan ya san in mabuɗin ya koma, ita ma ta ƙare.

Gaskiyar ita ce ba su sani ba, kuma ni ce na hana a aika. Wani direba ya nemi ya je Tel Arnon ya buga ƙofa, na dakatar da shi, domin Alhaji da kansa ne ya kafa mana wannan ƙa'ida tun da daɗewa: a wurinsu ba a kai labarin mutuwa ranar Asabar, saboda wanda aka kai wa ba zai iya hawa mota ba, ba a kuma yarda ya yi makoki a ranar ba, sai dai ya zauna da abin a ƙirjinsa har dare. Mu kuma ba ma jinkirta gawa. Na bi umarnin mamaci, ban hango abin da zai jawo wa rayayyu ba. Har yanzu ina auna abin, ban kuma tabbata ba. Allah Ya san niyyata. Wanda yake da ƙorafi ya kawo shi gare ni, kada ya kai wa mutanen da suka ji labari bayan an rufe kabari.

Da safiyar Lahadi Mista Dahan ya iso rumfar makoki shi kaɗai, ko da yake an ba shi shawarar ya bari ƙura ta lafa. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "To, kasuwa ta buɗe ke nan, an ga hanyar gidanmu." Mista Dahan ya zauna a kujerar ƙarshe ta bakin ƙofa, babu wanda ya miƙa masa kofi. Sai ga saƙo daga ɓangaren mata, daga bakin uwargidan marigayin, Hajiya Nihaya, Ummu Wasim: "Ku gaya wa Abu Gilad ya tashi daga kujerar baƙi, ya ɗauki butar gahawa ya zuba wa mutane. Mutuwar tasa ce." Kowa ya san mazan gida ne kaɗai suke zuba gahawa mai ɗaci a makoki. Mista Dahan ya tashi ya ɗauki butar, ya fara da dattijon nan. Dattijon ya daɗe yana kallon kofin kafin ya karɓa.

A madadin Kwamitin Amintattu, da shugabanni, da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Ummu Wasim, da Malam Wasim da ƙannensa, da dangin Shalabi baki ɗaya, da mutanen Kafr Zanbak. Allah Ya gafarta wa Alhaji Ratib, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanya Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata ƙarshenmu. Mambobin da suka fice ba mu zarge su ba. Kowa da abin da ya binne, kuma ƙofa a buɗe take.

Ranar da aka tashi makoki, Mista Dahan ya je sallama, bai ambaci mabuɗi ba. Malam Wasim ne ya rako shi har mota, ya ce, "Baffa, ranar Juma'a kada ka makara, ka san halin matarka." Saboda haka Ƙungiya tana sanar da manoma da direbobi cewa ɗakin sanyi zai buɗe ranar Asabar mai zuwa a lokacin da aka saba, mabuɗin yana hannun Malam Wasim.

Sa hannu:
Hajiya Intisar Mahmud Sa'adi
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Manoma da 'Yan Kasuwar Dabino da Zaitun ta Galili