Na yanke bidiyon da na fito a tele, rubutun da ke wanke ni ya ɓace

Salamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka ɓoye sunana. Satin nan na sha wuya, ban taɓa shan irinta ba, don Allah wanda ya san kan abin nan ya ba ni shawara.

Ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a Gaya, albasa nake ɗauka, karatuna bai wuce aji uku ba. Kwanakin baya 'yan wani gidan tele suka zo daga Yamai za su yi shirin faɗakarwa a kan fasa-ƙwauri, masu yin abin da gaske suka ƙi yarda a ɗauke su, sai aka ce a samu wanda zai yi kamar shi ne. Na yarda, don ina son yarana su gan ni a tele. Suka tsayar da ni bakin kogi, na faɗi da Dandanci abin da suka koya mini, wai ina ɓoye ƙwaya da bidon esansi, wato jarkokin fetur, ƙarƙashin buhunan albasa. Da aka nuna shirin akwai rubutun Faransanci yana wucewa a ƙasa, yana fassara maganata, kuma ya faɗa a fili cewa wasa ne, mutumin nan ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne.

Na ɗauki shirin daga dekoda a kile, wato ɗan filashin nan da ake ajiye bidiyo a ciki. Ya yi nauyi, bai tafiya a WhatsApp, sai na kai wa mai tura waƙoƙi a kasuwa na ce ya yanko mini wurin da na fito kaɗai. Ya yanka, na tura wa direbobin tasharmu ina ta washe baki. Ban lura ba ashe rubutun bai biyo ba. Daga baya ya ce mini wai rubutun daban yake tafiya da hoton, in aka yanka faɗuwa yake yi, shi ma bai san yadda ake riƙe shi ba. To me ya hana ka faɗa tun farko?

Yanzu bidiyon ya kai Bengou, ya kai Yelou, ga fuskata ga bakina ina cewa ina ɗaukar ƙwaya. Mai motar da nake tuƙawa ya karɓe makullinsa, ya ce shi ba ya son fitina. Surukina ya kira ya wanke ni tas, na yi rantsuwa, ya ce kunnensa ne ya ji. Jiya da la'asar jandarma ya kawo mini sammaci, Litinin in je birgadi, wato ofishinsu. Ko babur na ji ya tsaya a ƙofa sai na leƙa in ga ko su ne.

Za ku ce in kai musu cikakken shirin tunda rubutun yana ciki. Nan ne matsalar. Kafin wurin da na fito, kamara ta juya kan ruwa, ta kama wani kwale-kwale shaƙe da bidon esansi. Mai tuƙin ƙanena ne, ciki ɗaya muka fito, kuma shi nasa ba wasa ba ne. A tele ya wuce da sauri ba wanda ya kula, amma a birgadi tsayar da hoto za su yi su duba. Na gaya wa ƙanen nawa, ya ce ni na je neman suna, shi zai tafi kaso ya bar 'ya'ya biyar? Innarmu ta ji, kallona kawai ta yi. Na kira ɗan gidan telen da ya ɗauki shirin, lambarsa ba ta shiga.

Don girman Allah, akwai hanyar da za a yanke wurin kwale-kwalen rubutun ya zauna yadda yake? In akwai, wa zan kai wa, Dosso ko Yamai? In babu, in kai duka ko in je hannu rabbana?

Yau da safe na kai kilen wurin baduku, ya ɗinke mini shi cikin fata kamar laya. Yana wuyana yanzu da nake rubuto muku.