Koke Kan Kuros Ɗin Motar Maigidana

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Sufuri,
Kamfanin Haƙar Rijiyoyi.

Daga:
Matar direban mota ta biyu,
Gidajen Ma'aikata, layin baya.

16 ga Satumba.

Game da: Irin kuros ɗin da aka sa wa motar maigidana, da abin da ya jawo mini

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kokena. Ni ba ma'aikaciyarku ba ce, amma abin da ake yankewa a garejinku a ɗakina yake sauka.

1. A watan Maris aka sauya wa motocin shiga daji guda biyu kuros, wato ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke haɗa farfela, sandar da ke juya tayoyi, a ƙarƙashin mota. Ban nemi sanin waɗannan sunaye ba, zama ne ya koya mini. Motar mijin ƙanwata, wanda kuke kira Ɗan Fes, an sa mata rufaffe, mai zuwa da maiƙonsa a ciki, ba a sake taɓa shi sai ya mutu. Ta maigidana kuwa an sa mata mai baki, wanda sai an ɗura masa giris duk lokacin da mota ta ratsa ruwa ko laka. Yallaɓai ya fi ni sanin cewa tun da damina ta sauka babu hanyar da ba ruwa.

2. Ni da ƙanwata ƙofa da ƙofa muke, igiyar shanyarmu ɗaya. Mijinta ya dawo daga daji ya kashe mota, shi ke nan, sai wanka da turare, su fita yawo tana rangwaɗa. Nawa ya dawo, ko ruwa bai sha ba zai ɗauki bindigar giris ya koma gareji, har ranar Asabar. Rigunan mijinta farare tas, na maigidana kuwa na cuɗa har hannuna ya saɓe, baƙin yana nan. Ta taɓa aiko mini da sabulu wai ko nawa ne ba shi da kyau. Yarinyar da na goya ce fa, ranka ya daɗe.

3. Ranar 20 ga Yuli aka ba 'yarmu kyautar ta ɗaya a makaranta. Mahaifinta ya yi mata alkawarin zuwa, amma ya ce bari ya ɗan leƙa ƙasan mota tukuna, domin sun ratsa rafi. Ya iso ana kwashe kujeru. Ɗan Fes ne ya tsaya kusa da ita a hoto, hannunsa a kafaɗarta. Hoton yana rataye a falon ƙanwata, duk baƙon da ya shiga sai ya tambaya ko 'yarsu ce.

4. Ranar 29 ga Agusta rufaffen nan ya karye a cikin laka. Maigidana ne ya je ya jawo su. Aka sa wa Ɗan Fes sabo irinsa, aka ba shi hutu ya huce wahala. Wanda ya yi jan kuwa washegari yana bakin aiki. Ba na cewa rufaffe ba shi da kyau, domin babban makanikenku ya ce kowanne yana mutuwa, mai bakin ma in an yi sake da shi ya fi saurin lalacewa. Ina dai faɗin wanda ya huta da wanda bai huta ba.

5. Wannan ne ya fi ci mini rai. Makon jiya na je wurin mai kula da sito domin jin dalilin wannan bambanci. Sai ya shaida mini cewa zaɓi aka ba direbobin biyu, kuma maigidana da bakinsa ya nemi mai baki. Da na tuntuɓe shi a gida, dariya ya yi. Ya ce sabon giris yana turo ruwa da yashi waje, kuma shi ba ya amincewa da abin da hannunsa ba zai kula da shi ba. Yana bayani fuskarsa tana haske. Na daɗe ban ga ya yi maganata da irin wannan fuskar ba. Duk da haka kokena yana nan, domin kamfani ya san halinsa, bai kamata a tambaye shi ba.

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai, cikin ladabi, ya ba da umarni a sa wa mota ta biyu rufaffen kuros, a ce dokar kamfani ce, kada sunana ya fito. Idan hanyoyin da maigidana yake bi ba za su bari ba, a mayar da ɗura giris cikin lokacin aiki, a kulle garejin ranar Asabar.

Idan kuma duka biyun sun gagara, to a gaya wa mai gadi ya riƙa barina ina shiga. Zan zo da kujerata in zauna gefen motar in riƙa miƙa masa tsumma. Ko ƙafafunsa ne na gani, na dai gan shi.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba da idon rahama.

Mai biyayya gare ka,
Matar direban mota ta biyu.