Na goge idon kyamarar mijina da toka, yanzu wani za a kora a kai

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Ni tsohuwa ce a Hindawiyya, nan Makka, ban iya rubutu ba, maƙwabciyata nake faɗa wa tana rubutawa bayan ta rantse ba za ta fitar da sunana ba. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, don kuka nake yi yanzu haka.

Mijina, Allah ya jiƙan Malam, mai hoto ne a Arfa. A gindin dutsen Rahama yake tsayawa, masu ziyara su hau raƙumi ya ɗauke su, ya fitar musu da hoton nan take. Da wayoyi suka yi yawa sai kasuwa ta mutu, ya ce babu mafita sai ya sayi idon kyamara mai kyau, wanda Larabawa ke kira adasa, mai fitar da abin da waya ba ta iyawa. Ina kuɗin? Ni gyaɗa nake soyawa. Abin da ya fara saya ma ba idon ba ne, filta ce, wani siririn gilashi da ake murɗawa a gaba don kare ƙura. Na ce, "Malam, ka sayi linzami babu doki?" Ya yi dariya ya ce, "Ajiye min a cikin zannuwanki, dokin yana hanya." Shekara guda tana cikin akwatina. Ranar da kuɗin idon suka haɗu, tare muka je kasuwar tsofaffin kaya, ya ɗaga ido bakwai yana haska su da rana yana mayarwa, kafin ya sami na hannu mai lafiya. A nan ya koya min cewa ƙarzuwa a gilashin gaba ana iya zama da ita, amma in na baya ya ƙarzu, ido ya mutu.

Da muka dawo gida ya miƙo min kyamarar ya ce in danna. Na danna, ya fito yana dariya, hularsa a karkace. Mutumin da ya ɗauki dubban alhazai, ban da ɗan ƙaramin da ke jikin igamarsa, wato katin izinin zama, wannan kaɗai ne hotonsa. Kullum in na ce ya fitar min a takarda sai ya ce, "Takarda ta alhazai ce, namu ba ya gudu." Haka ya rasu hoton yana cikin katin kyamara.

Ba mu haihu ba. Ina cikin takaba ɗan ƙanensa, zan kira shi Sabi'u, ya zo ya ce kyamara ta faɗo a rabonsu. Ban ja ba. Abu ɗaya na roƙa, na ce, "Sabi'u, akwai hoton Baffanka a ciki, ka fitar min kafin ka fara aiki." Ya ce, "An gama, Inna." Sati uku ina tambaya, rannan yana cin tuwona ya ce, "Ai Inna na goge katin, wuri ya cika. Hoton mamaci me zai miki? Addu'a za ki yi masa." Ya ci gaba da loma. Wallahi ko ɗago kai bai yi ba. Ku gaya min, wace zuciya ce za ta haɗiye wannan? Da bakina na roƙe shi, har durƙusa masa na yi, yaron da na yi wa wanka!

A unguwar Kudai yake kwana da samari a ɗaki ɗaya, saboda haka a wurina yake ajiye jakar. Ana saura kwana uku azumi, lokacin da masu umara ke cika Arfa, na idar da walaha, na buɗe jakar. Na kwance idon yadda na sha ganin Malam yana yi. Na ɗebo tokar da nake goge tukunya, na haɗa da ɗan rairayi, na sa tsumma na murza gilashin baya har ya yi fari kamar idon mai yana. Na share, na mayar, filtar gaba tana ta ƙyalli kamar ba a taɓa ba. Azumin nan kaf hotunansa hazo suke fita, alhazai suna jefa masa a fuska. Ya zo yana huci yana ba ni labari, ni kuwa ina zuba masa kunu ina cewa "Allah ya kyauta," raina fes. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ban yi nadamar abin da ya same shi ba, kuma ban yafe ba. Da akwai ido na biyu da shi ma na murje shi.

To amma ga inda ƙasa ta tsage da ni. Akwai abokin aikinsa, Idi, magidanci daga Nijar, wanda yake karɓar kyamarar in Sabi'u ya gaji. Da mai gyara ya buɗe ya ce da gangan ko da ganganci aka goge gilashin, sai Sabi'u ya ɗora wa Idi. Igamar Idi ta ƙare, kowa ya sani. Sabi'u ya ba shi zuwa Juma'a ya kawo wani idon, in ba haka ba ya nuna wa askarawa, wato 'yan sandan nan, ɗakinsa a mayar da shi ƙasarsu. Shekaranjiya Idi ya zo ya tsuguna a ƙofata ya ce, "Hajiya, don Allah a wane layi Malam ya sayi nasa? Na zaga kasuwar sau uku, wanda ƙarfina ya kai duk masu tsatsa ne. Wallahi ko da hannun riga ban taɓa goge shi ba." Na kwatanta masa layin, na ba shi ruwa, ya yi min godiya ya sa min albarka. Ni!

In na faɗi gaskiya, ɗakin nan da nake ciki da sunan Sabi'u aka kama hayarsa, waje zai yi da kayana, ya zaga unguwa ya ce tsohuwa ta haukace. Abin da ya fi min ciwo ma, ni zan koma mai laifi a gabansa, ni zan sunkuyar da kai in ba shi haƙuri, shi da bai taɓa ce min ko sannu ba. Na gwammace in kwana a titi da in furta masa kalmar nan. In kuma na yi shiru, mai 'ya'ya huɗu za a ɗaure a kan tokata.

Yau Laraba. Jama'a, akwai hanyar da zan wanke Idi ba tare da na durƙusa wa Sabi'u karo na biyu ba? Me zan yi?