Ki Sauke Jar Motar Daga Kan Bulo

Antofagasta, Chile
9 ga Oktoba

Yajaira 'yata,

Allah ya yi miki albarka. Yaya ƙafar mahaifiyarki? Yaya zafin Maracaibo? Ni lafiya lau nake. Bayana ne kawai yake ɗan yi mini gardama in na ɗaga tayar babbar mota. Mai shagon tayar da nake wa aiki yana ce mini, "Tsoho, bari yara su ɗaga." Ni da na fara da faci a bakin titi har na buɗe shagona na kaina a Maracaibo!

Na ji mijinki Osmel yana so ya sa wa jar motata wili mai inci ashirin da siraran tayoyi. Ki ce masa, "Malam gwani, wannan motar ta girme ka." Inci goma sha biyar za a sa. Na baya su fi na gaba faɗi kaɗan, kuma masu kauri, saboda ramukan unguwarmu da ƙugun mahaifiyarki. Ya bar tazarar yatsa biyu, kada taya ta goga jikin mota a kwana.

Na san na ce kada kowa ya taɓa motar sai na dawo a Disamba. To, Disambar nan ma da wuya.

Ki sauke ta daga kan bulo, ki kai mahaifiyarki bakin tafki ranar Lahadi, ta zauna a gaba kamar da. Kujerar direba tana nan daidai tsawon ƙafata tun ranar da na tafi. Ki matso da ita daidai taki.

Mahaifinki,
Nerio Urdaneta