Ɗan Ganin da Ya Rage Mini

Zuwa ga Amatullahi, sanyin safiyar Jos, ruwan farkon damina a kan dutsen da rana ta gasa, furen da ke tsirowa a tsagin dutse ba mai ba shi ruwa, wadda zuciyata ta zaɓa tun ban mallaki hankalina ba.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina ƙara yi miki ta'aziyyar mijinki Malam Uzairu. Allah ya jiƙansa, ya saka masa da alheri a kan riƙon da ya yi miki. Kada ki yi mamakin girman baƙaƙen nan da yawan takardun. Da alƙalamin rubuta allon shago na rubuta, zan kuma gaya miki dalili kafin in rufe.

Ni ne Haladu. Na dawo gida tun farkon damina, ina zaune a ɗakin zauren ƙanwata Kubra a Titin Bauchi. Tsakanina da ƙofarki a Rikkos tafiyar keke ce 'yar gajeriya, amma wallahi tekun da na ƙetaro bai kai ta faɗi ba! Kubra ce ta gaya mini kin fita takaba tuni, kuma ɗanki Mustapha ya shirya ɗauke ki zuwa Abuja bayan Babbar Sallah. Tun da na ji haka abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Yaya zan dawo daga bangon duniya in tarar ana naɗe tabarmarki?

Ya ke inuwata a tsakar rana, kin tuna Laranto? Kin tuna inda ake ƙera bodin manyan motoci, inda Oga Osinachi yake zana zaki da mikiya da jirgin sama a bayan kowace mota? A can nake raɓewa bayan an tashi makaranta, ina wanke masa buroshi don kawai ya bar ni in kalla. Ranar da ya fara miƙa mini buroshin ya ce in gwada zaki a jikin katako, ke kina wucewa da kwanon abincin babanki. Kika tsaya, kika karkata kai, kika tambaye ni wane ne ya aske wa bunsurun nan gemu. Duk makanikan wurin suka kwashe da dariya. Na yi fushi da ke har mako ya zagayo, amma ban sake zana komai a rayuwata ba sai na tambayi kaina me za ki ce.

Fenti ya fi ƙarfina a lokacin, sai ƙasarmu ta rufa mini asiri. A gefen tsofaffin tafkunan da haƙar kuza ta bari akwai jar ƙasa, da fara, da wata rawaya mai kama da gwaiduwar ƙwai. Ni nake haƙowa in daka, ke kike tankaɗewa da rariyar innarki, mu dama da ƙaro, mu ƙara bular wanki idan muna son sararin sama. Kin sha faɗa a kan rariyar nan ranar da tuwon gidanku ya fito da ja-ja! Kuma kin tuna yinin da ƙanƙara ta rutsa da mu a bakin tafki, muka fake ƙarƙashin dutse, ruwa yana wanke ƙasar da muka tara, ja da fari da rawaya suna malala a kan ƙafafunki? Ina kukan asarar, ke kina dariya har da riƙe ciki. Na ga manyan zane-zanen duniya da idona, Amatullahi, na tsaya a gabansu shekara da shekaru. Babu ko ɗaya da ya kama ƙafar abin da na gani a ƙarƙashin dutsen nan.

Da takardar karatu a Italiya ta zo, ke kika ce in tafi, kika ce hannu irin nawa bai kamata ya ƙare a bayan mota ba. Na tafi, na kuma yi karatun da gaske. Na koyi harshensu, na koyi yadda haske ke sauka a kan ƙashi da tsoka, malamaina suna ɗaga aikina su nuna wa 'ya'yansu. Na ɗauka ƙofa ta buɗe. Ashe yabo a aji daban, wurin zama a bangonsu daban. Na kai wa masu gidajen baje zane hoton duwatsun Shere da gajimare ya lulluɓe, na kai musu mata masu wankin kuza, da kwandunan tumatir a Farar Gada, suka ce da kyau, amma ba su ga Afirka a ciki ba. Su da ba su taɓa taka ta ba, su ne za su gaya mini kamanninta! Da rikici ya ɓarke a garin nan, labari ya kai musu, sai ga su suna nemana da fara'a: in zana musu hayaƙi, in zana musu gawa a titi. Garin da ya haife ni, sai da ya kama da wuta sannan ya yi musu kyau. Na ƙi, su ma suka ƙi ni.

Kin san aikin da na ƙare da shi? Gadi. Gadin gidan ajiye zane-zane, cikin baƙar kwat, ina hana yara taɓa aikin matattu. Mutumin da ya yi na ɗaya a ajinsu, yana nuna wa baƙi hanyar bayan gida! A nan gashina ya yi fari. Labarin aurenki ya same ni a can, ban kuma zarge ki ba ko sau ɗaya. Mace ba ta zama jiran wanda shi kansa bai san ranar dawowarsa ba. Na yi aure ni ma, bai daɗe ba, ba a kuma haihu ba.

Abu ɗaya ne bai bar hannuna ba, ya ke tauraruwar asubahina: fuskarki. Na zana ta a kan zane, a kan kwali, a bayan tikitin jirgin ƙasa. Wani dillali ya sayi ɗaya ya rataye, ya rubuta a ƙasa wai yarinyar da ba a san ko wace ce ba. Ke, ba a san ki ba? Ke da na san tabon da ke ƙasan haɓarki, da yadda girarki ta hagu ke ɗagawa kafin ki yi wa mutum tsiya?

Na dawo ina tsammanin ko gida zai gane ni. Na je Laranto, aka ce Oga Osinachi ya kwashe iyalinsa tun lokacin rikici, ba wanda ya san inda ya nufa. Yanzu inji ne ke buga hoto a leda a manna wa mota, damina ɗaya ya koɗe. Unguwannin da muke ratsawa da ƙafa ba tambaya, yau kowa ya san iyakarsa. Can na zama baƙo, nan ma baƙo. Me na samu, bayan duk wannan? Me zane ya ba ni, ni da na ba shi ƙuruciyata da ke?

Ga dalilin manyan baƙaƙen. Ina da hawan jinin ido, likitocin can da na nan bakinsu ɗaya: abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma yana kan hanya. Duhun daga gefe yake matsowa. Yanzu duniya a wurina ba ta fi faɗin faifai ba. Ba na ganin dutse da sama tare, ba na ganin titi da motar da ke tahowa. Amma faifai ya ishi fuska ɗaya, Amatullahi! Kubra ta so nuna mini hotonki na bikin jikarki a wayarta, na kawar da kai. Ba zan kashe ɗan abin da ya rage mini a kan gilashi ba. Yarinyar da na yi ta zanawa na haddace ta. Matar da kika zama ce ban sani ba, ita kuma nake ƙishirwa kamar yadda ƙasar rani ke jiran hadari. Ina son in ga abin da haihuwa da haƙuri da rashi suka rubuta a goshinki. Kada ki shafa hoda saboda ni.

Ina neman aurenki. Na faɗa a fili, don shekarunmu sun wuce kewaye-kewaye. Na kuma san abin da nake kawo miki: tsoho mai ɗacin baki, marar gida, wanda nan gaba kaɗan sai an riƙe masa hannu zai tsallaka kwata. A Abuja akwai ɗaki mai sanyi da jikoki da hutu, kin kuma cancanci hutun. Ni ba ni da abin da zan ajiye kusa da wannan sai zuciyar da ba ta taɓa sauka a wani masauki ba. Idan kin amince, zan je wurin Mustapha da kaina, in zauna a ƙasa a gaban ɗan da na isa in haifa, in roƙe shi ya bar mini ke a Jos.

Idan kuwa amsarki a'a ce, roƙona ɗaya: kada ki aiko da ita ta bakin Kubra. Ki sa a kira ni da hantsi, lokacin da idona ya fi gani, ki zauna a tsakar gida inda rana ke sauka, ki faɗa mini da kanki, a hankali, kada ki yi sauri. Ko a'a ɗin ce, ina son in ga fuskar da ta faɗe ta.

Naki da ido, naki bayan ido, har ranar da za a miƙa ni gabas,

Haladu
Titin Bauchi, Jos